Tagor Na Ƙasar Hindu: Mawaƙin Da Ya Koyi Zane Da Furfura

Galibin 'yan makarantarmu da suka taɓa jin sunan Rabindranat Tagor, abu guda suka riƙe game da shi, watau shi ne mutum na farko wanda ba Bature ba da aka ba kyautar Nobel ta adabi, cikin shekarar 1913. In an nuna musu hotonsa sai su ga dattijo mai farin gemu har ƙirji, sanye da doguwar riga, su ce wannan wani waliyyi ne na ƙasar Hindu, su buɗe shafi na gaba. To, yau muna so mu tsai da su kaɗan a kan wannan mutum, domin aikinsa ya fi labarinsa faɗi nesa ba kusa ba. Ya yi waƙa, ya yi zanen hoto, ya rubuta littafin kimiyya, ya kuwa sha fama da tambayar da kowane yaro mai karatu da harshen wasu zai gamu da ita wata rana, watau shi wane ne, kuma na su wa ne. Za mu duba waɗannan ayyuka, mu faɗi inda muka ga ya yi gwaninta da inda muka ga ya gaza, gama yabo kaɗai ba ya ƙara wa almajiri ilmi.

An haife shi ran 7 ga watan Mayu 1861 a birnin Kalkata, wanda yanzu ake kira Kolkata, a lokacin nan kuwa shi ne mazaunin mulkin Ingilishi na Indiya duka. Gidansu babban gida ne na dukiya da ilmi. Kakansa Dwarkanat attajiri ne wanda ya yi ciniki da Turawa, ya je Ingila, can ma ya rasu cikin 1846. Ubansa Debendranat shi ne shugaban wata jama'a da ake kira Brahmo, waɗanda suka bar bautar gumaka suka ce Ubangiji ɗaya ne. Duk da wannan girma, akwai tabo a kan zuriyar. Su Brahman ne, watau dangi mafi daraja a tsarin Hindu, amma irin waɗanda ake kira Pirali, waɗanda aka rage wa daraja saboda an ce kakanninsu sun yi cuɗanya da Musulmi fiye da kima, har sauran Brahman suna ƙyamar ba su aure. Sunan gidan ma na ainihi Takur ne, harshen Turawa ne ya lanƙwasa shi ya zama Tagor. Ashe tun daga shimfiɗar haihuwa yaron nan yana tsaye ne a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje.

Makaranta ba ta karɓe shi ba, shi ma bai karɓe ta ba. An sa shi a makarantu da dama a Kalkata, kowace ya gudu. An kai shi Ingila cikin 1878, ya ɗan zauna a wata kwaleji ta Landan, ya komo 1880 ba takardar shaida ko ɗaya. Kada wani malalaci cikinku ya ɗauki wannan ya zama hujja, domin a gida malamai ne ke karɓeɓeniya a kansa tun daga asuba har dare, ana koya masa Sanskirit da lissafi da kiɗa da kokawa. Cikin 1873 kuma ubansa ya tafi da shi duwatsun Himalaya, inda da dare yakan zaunar da shi waje ya nuna masa taurari ɗaya ɗaya da sunayensu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Aikinsa na farko da ya yi suna wasa ne da suna. Yana ɗan shekara goma sha shida ya tsara waɗansu waƙoƙi da tsohon salon mawaƙan addini na ƙarnonin baya, ya sa musu sunan wani mawaƙi da babu shi, Banusingha, har waɗansu masana suka ɗauka an tono tsohon littafi ne. Da ya girma sai ya mai da wannan wasa babbar magana cikin littafinsa mai suna Gora, na 1910. Gora saurayi ne mai tsananin kishin addinin Hindu, ba ya cin abincin da wanda ba danginsa ba ya taɓa, yana ta wa'azin tsarkin asali. Can ƙarshen labari sai aka gaya masa cewa shi ɗan Turawan Ailan ne, maraya, wanda aka tsinta a lokacin tawayen 1857 aka rene shi. A ganinmu wannan littafi ya yi tsawo, kuma mutanen cikinsa sun cika jayayya kamar ɗaliban da ke gasar muhawara. Amma tambayar da ya ɗora tana da nauyi, kuma mutumin da aka haifa Pirali ya san zafinta a jikinsa.

Yanzu ga maganar waƙa, wadda ita ce sana'arsa ta ainihi. Ya bar waƙoƙin rerawa fiye da dubu biyu, shi ya tsara kalmominsu, shi ya sa musu murya, har yau kuwa ana rera su a gidajen Bangal. Littafin da ya fitar da shi duniya shi ne Gitanjali, ma'anarsa baiko na waƙa. Na Bangalanci ya fito 1910. Cikin 1912 ya juya waƙoƙi 103 zuwa Turanci da hannunsa, kimanin rabinsu daga wancan littafi, sauran daga waɗansu littattafansa, ya kai Landan. Wani mai zane abokinsa, Rotenstain, ya nuna wa Yets mawaƙin Ailan, Yets ya yi murna, ya rubuta gabatarwa, shekara na zagayowa sai ga kyautar Nobel.

A nan ne muke da magana. Masu jin Bangalanci sun haɗu a kan cewa waƙoƙin asali suna da kari da amsa-amo da murya, gajeru ne, a ɗaure tamau, yawancinsu don rerawa aka yi su. Na Turanci kuwa zube ne, ba kari ba amsa-amo, an yi su da irin tsohon Turancin nan na littattafan ibada. Ku gwada a ranku a ɗauki Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, a tuɓe mata kari da amsa-amo da muryar mai rerawa, a zuba ma'anarta kawai da Turanci. Ma'ana za ta tsira, amma abin da ke sa mai sauraro ya yi tsit ya tafi. Abin da ya sami Tagor ke nan, kuma da hannunsa ya yi wa kansa. Da ya ga kasuwa ta buɗe sai aka shiga fitar da fassara bayan fassara cikin gaggawa, yana taƙaita waƙoƙinsa, yana cire abin da yake zaton Bature ba zai gane ba, har abin da ya rage ya zama kamar kunu wanda aka cika wa ruwa. Turawan da suka ɗaga shi sama suka gaji da shi cikin 'yan shekaru, Yets kansa daga baya ya yi ƙorafi a wasiƙa cewa Tagor ya ɓata sunansa da Turancin da bai ƙware a kai ba. Turai ta so ta ga wani boka mai hikima daga gabas, shi kuwa ya yarda ya sa rigar. Mutumin da ya rubuta gajerun labarai masu kaifi a kan talakawan bakin kogin Padma, inda ya yi shekaru yana lura da gonakin gidansu daga cikin jirgin ruwa, mutumin da ya iya barkwanci da zambo, duk bai shiga cikin wannan riga ba. Sai a 1985, da wani Bature mai suna Wiliyam Radis ya fitar da sabuwar fassara daga Bangalanci, masu karatun Turanci suka fara jin ƙarfin abin da aka ɓoye musu.

Sa'an nan ga zanen hoto, wanda shi ne ya fi ba mu mamaki cikin al'amarinsa duka. Ba wanda ya koya masa. A gidansu akwai gwanayen zane biyu, Abanindranat da Gaganendranat, 'ya'yan ɗan'uwansa, kuma a makarantar da ya kafa a Shantiniketan cikin 1901 ya buɗe sashen zane a 1919, Nandalal Bos ya zama shugabansa. Amma shi kansa yana ganin hannunsa bai iya ba. Yadda abin ya faro kuwa shi ne ta wajen gyaran rubutu. In ya rubuta baiti bai gamshe shi ba yakan soke shi da alƙalami, to, sai ya ga waɗannan soke-soke sun ɓata masa takarda, suna warwatse kamar gawarwaki a fili. Sai ya riƙa haɗa wannan da wancan da layi, yana cike tsakaninsu da tawada, har su zama siffa guda. Wani lokaci siffar ta fito kamar tsuntsu mai dogon baki, wani lokaci kamar kada, wani lokaci kamar wata dabba da ba a taɓa halitta ba, baitocin da suka tsira kuwa suna zaune a cikin cikinta.

Cikin 1924 yana kan hanya zuwa ƙasar Peru ciwo ya kama shi a jirgi, ya sauka a Ajantina, wata mace marubuciya mai suna Biktoriya Okampo ta sauke shi a wani gida kusa da Buwenos Aires har wajen wata biyu. A can yake rubuta waƙoƙin littafinsa Purabi, ita kuwa ta ga littafin rubutun da waɗannan siffofi, ta ƙarfafa masa zuciya. Daga 1928, yana da shekara sittin da bakwai, ya bar jingina da rubutu ya shiga zane gadan-gadan a kan farar takarda. Cikin watan Mayu 1930 aka yi nunin hotunansa na farko a birnin Faris, da taimakon ita Okampo ɗin, daga nan aka zaga da su Ingila da Jamus da Rasha da Amurka. Kafin ya rasu ya zana fiye da dubu biyu, a cikin shekara goma sha uku kacal.

Wanda ya san Tagor ta Gitanjali na Turanci, in ya ga hotunan nan zai ce ba mutum ɗaya ba ne. Waƙoƙin cike suke da haske da furanni da sarewa da miƙa wuya ga Ubangiji. Hotunan kuwa duhu ne. Akwai dabbobi masu haƙora, da fuskoki kamar na dodanni, waɗansu suna murmushin mugunta, waɗansu sun murtuke. Akwai itatuwa baƙaƙe tsaye a gaban sararin sama mai ruwan ɗorawa, kamar bayan faɗuwar rana, ba mutum ko ɗaya a wurin. Fiye da kome akwai fuskar mace, doguwa kamar ƙwai, lulluɓe da mayafi mai duhu, idanunta manya suna duban mai kallo ba ta ce kome ba. Ya zana wannan fuska ya sake zanawa har ba iyaka. Masu nazari da yawa sun ce fuskar Kadambari ce, matar wansa, abokiyar wasansa tun suna yara, wadda ta kashe kanta cikin 1884. Mai yiwuwa ne. Amma mutumin ya rasa mutane da yawa: matarsa a 1902, 'yarsa a 1903, ƙaramin ɗansa a 1907, babbar 'yarsa a 1918. Ba mu ga dalilin da zai sa a ɗaure fuskar nan da suna guda ba, tun da shi mai zanen ya ƙi sa wa hotunansa suna, ko da an roƙe shi.

Wannan ƙin sa suna abin lura ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin kalma tana yi masa biyayya kamar bawa, ya zo ga wani aiki ya ce kalma ba ta da shiga. Ya sha faɗa cewa a waƙa yakan fara da abin da yake nufi sa'an nan ya nemi kalma, a zane kuwa hannu ne ke gaba, shi yana biye, bai san abin da zai fito ba sai ya fito. Mun gaskata shi, domin hotunan sun nuna haka. Kayan aikinsa ma na marubuci ne: alƙalami da tawada mai launi, wani lokaci ya shafa da tsumma ko da yatsa, yana ɗora launi bisa launi kafin na ƙasa ya bushe, ya gama hoto a zama ɗaya.

Akwai kuma wani abu game da idonsa. Cikin 1997 Ketaki Kushari Daison da abokan aikinta suka fitar da wani babban littafi da Bangalanci inda suka kawo hujjoji cewa Tagor yana da irin matsalar idon nan da ke hana mutum rarrabe ja sosai. Wanda ya duba hotunan da wannan a ransa zai ga yadda ruwan ƙasa da baƙi da ruwan ɗorawa suka yi yawa, ja kuwa in ya zo yakan zo da duhu kamar busasshen jini. Wannan bayani ya taimaka, amma bai ƙare magana ba. Masu irin wannan ido suna da yawa a duniya, ba su zana abin da ya zana ba.

To, mene ne hukuncinmu a kan hotunan? Ba duka ne masu kyau ba, kuma masu cewa duka ne suna yi ne don girman sunansa. Bai san ginin jikin mutum ba yadda wanda ya koya ya sani, shi ya sa sau da yawa yakan ɓoye hannu da ƙafa cikin mayafi, in kuwa ya fito da su sai su zo a sandare. In ya haɗa mutum uku ko huɗu a hoto guda, sau da yawa ba su san da juna ba, kowa yana tsaye kamar an manna shi. Cikin dubu biyun nan akwai ɗaruruwa da maimaici ne kawai. Amma inda ya tsaya a kan abu guda, fuska ɗaya ko tsuntsu ɗaya ko itace ɗaya, layinsa yana da wani irin kari kamar na waƙa, yana tafiya ba tsoro, ba ya komawa baya. Wannan bai samu daga malamin zane ba, daga shekara hamsin na rubutun hannu ya samo shi, kamar yadda mai zayyanar allo yake samun hannunsa daga rubutun da ya daɗe yana yi. Muna kuma yaba masa da bai bi 'ya'yan ɗan'uwansa ba. Abanindranat da almajiransa suna zana labarun alloli da sarakunan da, da launi mai taushi, don su nuna wa Turawa cewa Indiya tana da nata gado. Aiki ne mai kyau, amma mai yinsa yana waiwayen Bature ko da yana yi masa gardama. Tsohon nan kuwa bai zana don ya nuna wa kowa shi Bahinde ne ba, shi ya sa a yau ake lissafa shi cikin waɗanda suka buɗe sabon zane a Indiya. 'Yan Nazi ma sun gane irin abin da yake, gama cikin 1937 sun cire hotunansa daga gidan nuni na Balin tare da na sauran masu sabon zane da suka kira lalatattu.

Akwai waɗansu hotuna da muke so kowane ɗalibi ya nema ya gani. Cikin 1934 mujallar makarantarsa ta buga hotonsa a bangonta, irin hoton nan na dattijo mai gemu da duniya ta sani. Sai ya ɗauki kofe da dama ya bi su da alƙalami. Wani ya baƙanta fuskar duka ya bar idanu, wani ya mai da kansa kamar dodo, wani kamar mace, wani kamar mahaukaci. Mutum mai shekara saba'in da uku, wanda sarakuna ke tashi tsaye in ya shigo, ya zauna yana ɓata fuskar da aka san shi da ita. Ba mu san wata takarda da ya rubuta a kan kansa da ta faɗi gaskiya kamar waɗannan ba.

Mu komo ga taurarin Himalaya. Son kimiyya bai rabu da shi ba tun daga wancan dare. Abokinsa ne Jagadish Chandra Bos, masanin da ya yi bincike a kan igiyoyin rediyo da kuma yadda tsiro ke amsa taɓawa, har Tagor ya nemo masa gudummawar kuɗi wurin Sarkin Tiripura don ya ci gaba da aikinsa a Turai. Cikin 1906 ya aika da ɗansa Ratindranat Amurka ya koyo ilmin noma a jami'ar Ilinoi, a zamanin da 'ya'yan manya lauya suke zuwa koyo a Landan. Ran 14 ga watan Yuli 1930 kuma ya ziyarci Ainshtain a gidansa na Kaput kusa da Balin, aka rubuta hirarsu aka buga. Abin da suka yi gardama a kai shi ne, shin gaskiya tana nan ko babu ɗan Adam? Ainshtain ya ce tana nan: ƙa'idar Fitagoras da kuke koya a aji gaskiya ce ko ba wanda ya san ta, teburin da ke cikin ɗaki kuma yana nan ko kowa ya fita. Tagor ya ce duk gaskiyar da za mu iya magana a kanta ta bi ta hankalin ɗan Adam ne, wadda ba ta bi ta nan ba kuwa ba mu da hanyar saninta. A nan mun fi karkata ga Ainshtain, gama duwatsu sun riga mutane zuwa duniya, kuma Tagor yakan sulale daga hankalin mutum guda zuwa wani babban hankali na duniya duka ba tare da ya nuna gadar da ya bi ba. Amma ku lura, shi Ainshtain da bakinsa ya yarda cewa ba zai iya tabbatar da nasa ra'ayin da hujja ba, imani ne yake riƙe da shi. Ba ƙaramin abu ba ne mawaƙi ya kai masanin kimiyya ga faɗin haka.

Inda ya fi burge mu shi ne gardamarsa da Gandi. Cikin watan Janairu 1934 aka yi babbar girgizar ƙasa a lardin Bihar, dubban mutane suka hallaka. Gandi ya ce wannan horo ne daga Ubangiji saboda zunubin da Hindu ke yi na ƙyamar taɓa waɗansu dangogin talakawa. Tagor shi ma yana ƙin wannan al'ada ƙwarai, kuma yana girmama Gandi, amma ya fito fili ya ce wannan magana ba daidai ba ce. Girgizar ƙasa tana da sababinta a cikin ƙasa, ta kuwa kashe jarirai da su waɗanda ake zaluntar tare da masu zaluncin, kuma in babban mutum ya koya wa jama'a irin wannan tunani, gobe wani zai yi amfani da shi ya kare mugunta. Yana da sauƙi mutum ya yi wa abokin gaba gardama. Yi wa aboki gardama a kan hujja mara kyau da ya kawo don manufa mai kyau, wannan sai mai son gaskiya.

Cikin 1937, yana da shekara saba'in da shida, ya fitar da ɗan littafi mai suna Bishwa-Parichai, watau gabatar da duniya, ya sadaukar da shi ga Satyendranat Bos, masanin da ya yi aiki a kan ƙwayoyin haske har aka haɗa sunansa da na Ainshtain. Babi biyar ne: ya fara da ƙwayar zarra, ya hau zuwa taurari, ya sauko ga rana da duniyoyin da ke kewaye da ita, ya ƙare da ƙasar da muke takawa. Bai gano kome sabo ba, daga littattafan masana ya tattaro, kuma kimiyya ta yi gaba ta bar waɗansu bayanansa a baya. Darajar littafin tana wajen harshe. A zamanin da ake cewa kimiyya sai da Turanci, babban mawaƙin ƙasar ya zauna ya nema wa zarra da taurari kalmomi da Bangalanci don yara su karanta da harshen da suke mafarki da shi. Ku da kuke koyon kimiyya da Turanci, in kun koma gida hutu ku gwada bayyana wa ƙannenku abin da ke kawo husufin wata da Hausa tsantsa, za ku san nauyin aikin da tsohon nan ya ɗauka.

Game da mulki da ƙasa, tafiyarsa ba ta miƙe sarai ba. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sa cikin 1915, ya karɓa. Bayan sojoji sun buɗe wuta a kan taron mutane marasa makami a Amritsar ran 13 ga watan Afrilu 1919, suka kashe ɗaruruwa, ya rubuta wa Wakilin Sarki, Lod Kelmsfod, ya mayar da lambar. Duk da haka bai yarda da zafin kishin ƙasa ba, ya yi lacca a kansa a Japan da Amurka cikin 1916 da 1917 yana cewa cuta ce da Turai ta ɗauko, har mutanensa da dama suka ji haushinsa. Abin dariya kuwa, wannan mutum shi ne ƙasashe biyu, Indiya da Bangaladash, suka ɗauki waƙoƙinsa suka mai da su taken ƙasa. Ya yi tuntuɓe babba a 1926 da ya karɓi gayyatar Musolini zuwa Italiya, aka yi ta yawo da shi ana juya maganarsa a jaridu, sai da abokinsa Romen Rolan ya buɗe masa ido sa'an nan ya fito ya yi tir da mulkin. Son a karɓe shi da girma a kowace ƙasa rauni ne da ya bi shi har tsufa. Amma bayan Italiya ta auka wa Habasha cikin 1935, ya tsara waƙa mai suna Afirka, inda ya kwatanta masu farautar bayi da masu mamaya da namun jeji, ya ce wayewar da ta yi wannan aiki ita ce ya kamata ta nemi gafara.

Jami'ar Oksfod ta aiko wakilai har Shantiniketan cikin 1940 suka ba shi digirin girmamawa, domin ƙarfinsa bai kai na tafiya ba. A 1941 hannunsa ya kasa riƙe alƙalami, sai ya riƙa faɗar waƙa ana rubuta masa, ta ƙarshe kuwa ya faɗe ta ran 30 ga watan Yuli, da safen ranar da likitoci za su yi masa aiki. Ya rasu ran 7 ga watan Agusta 1941 a gidan da aka haife shi, shekara shida kafin Ingilishi su bar Indiya. Mafi yawan hotunansa suna ajiye a Shantiniketan, a gidan da ake kira Rabindra Babana. Gwamnatin Indiya ta sa su cikin dukiyar ƙasa da doka ta hana fitarwa waje, cikin 2011 kuma, da cikarsa shekara ɗari da hamsin da haihuwa, aka tattara su aka buga cikin manyan littattafai huɗu masu suna Rabindra Chitrabali.